Wilhelm Röntgen: Ɗalibin da aka kora daga makaranta, wanda ya buɗe wa likitoci ƙofar ganin cikin jikin mutum

Akwai wani irin saƙo da 'yan ci-rani da yawa suka sani. Yakan shigo ta WhatsApp, galibi da daddare: hoton takardar asibiti da aka ɗauka a karkace, sai muryar ƙane ko ƙanwa daga gida tana bayanin cewa ƙullutun nan da ya fito wa baba a wuya ya ƙi sauka, an sha magani, an yi na gida, yanzu likita ya ce sai an yi hoto. Wanda yake Abijan ko Agadas ko Legas sai ya hau lissafin kuɗin mota da na masauki da na hoton kansa. Idan gidan nasu a Galma Kudawace yake, cikin gundumar Madawa ta jihar Tawa, ko a ƙauyukan Buza da Keita, lissafin ba ƙarami ba ne, domin daga Madawa zuwa Yamai kusan kilomita 500 ne.

Hoton da likitan yake nema yana da tarihi, tarihin kuma yana da ranar farawa: Juma'a 8 ga Nuwamban 1895, a wani ɗakin gwaji da ke birnin Würzburg na Jamus. Shi ya sa ma'aikatan ɗaukar hoton asibiti a faɗin duniya suke bikin ranarsu a 8 ga Nuwamba. Mutumin da ke cikin ɗakin a wannan dare, Wilhelm Conrad Röntgen, ba likita ba ne, bai kuma taɓa duba marar lafiya ba.

Zamanin da yatsa ne idon likita

Kowa ya san kaluluwa. Mutum ya ji rauni a ƙafa ta fito masa a matsematsi, haƙori ya yi ciwo ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Abin da ke kumburan wasu 'yan ƙwayoyi ne masu siffar wake, ɗaruruwa a jikin kowane mutum, jere a kan ƙananan hanyoyin wani farin ruwa da ke wanke sassan jiki. Aikinsu su tace ruwan su tare cuta, kamar shingen bincike a kan hanya. Wuya na cikin wuraren da suka fi yawa.

Mafi yawan kumburin wuya ba ciwon daji ba ne. Mura na kawo shi, ciwon kunne da na haƙori suna kawo shi, a ƙasashen Sahel kuma tarin fuka na cikin manyan dalilan ƙullutun wuya mai daɗewa. Amma idan ciwon daji ya kama harshe, ko dasashi, ko maƙogwaro, ko bayan hanci, kaluluwar wuya ce zangonsa na farko in ya tashi yaɗuwa. Littattafan likitanci sun daɗe suna koyar da cewa da zarar ya sauka a wannan zango, damar warkewa takan ragu da kusan rabi. Saboda haka tambayar ko ya kai wuya ko bai kai ba ita ce take yanke girman tiyatar da za a yi, da ko za a haɗa da gashin na'ura, da abin da za a faɗa wa iyali.

A ƙarni na 19 likita ba shi da abin amsa wannan tambaya sai yatsunsa da wani ɗan madubi da ake leƙa maƙogwaro da shi, wanda saman abu kawai yake nunawa. Ko sarki bai tsira daga wannan duhu ba. A farkon 1887 muryar yarima mai jiran gadon Jamus, Friedrich, surukin Sarauniya Victoria ta Ingila, ta dushe. Likitocin Jamus suka ce daji ne, a yi aiki. Likitan da aka ɗauko daga Landan, Morell Mackenzie, ya yanko ɗan nama aka kai wa Rudolf Virchow, babban masanin cututtuka na zamanin, shi kuwa bai ga daji a abin da aka kawo masa ba. Aka shafe watanni ana gardama ciwo na ci. Friedrich ya hau gadon sarauta ranar 9 ga Maris 1888 da bututun numfashi a wuya, ba ya iya magana, ya rasu ranar 15 ga Yuni bayan kwana 99 a kan mulki.

A wannan shekarar ce Jami'ar Würzburg ta ɗauki sabon farfesan kimiyyar fiziks, mai shekara 43.

Yaron da ba shi da takardar sakandare

An haifi Röntgen ranar 27 ga Maris 1845 a garin Lennep da ke yammacin Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwar yadi ne, shi kaɗai kuma suka haifa. Yana ɗan shekara uku iyalin suka koma Apeldoorn a ƙasar Holan, inda mahaifiyarsa take da dangi, a can ya tashi.

A 1862 ya shiga makarantar koyon fasaha ta Utrecht, kuma a nan ne abin da ya kusan rufe masa hanya ya faru. Kamar yadda masu rubuta tarihinsa suka ruwaito, wani ɗalibi ne ya zana hoton wani malami don ba'a, aka tsare Röntgen ya faɗi wanda ya yi, ya ƙi. Aka kore shi, ya fita ba takarda. A Turai ta wancan lokaci rashin wannan takarda tamkar an datse wa mutum ƙofar jami'a ne.

Mafita ta zo daga Suwizalan. Kwalejin fasaha ta Zurich tana karɓar ɗalibi ba tare da dole sai ya kawo takardar ba, sai ya tafi can a 1865. Ya gama karatun injiniyan injuna a 1868, shekara guda bayan haka ya samu digirin digirgir daga Jami'ar Zurich da bincike a kan iskar gas. A Zurich ɗin ya samu mutum biyu da suka tsara sauran rayuwarsa. Ɗaya shi ne August Kundt, malamin fiziks da ya ja shi daga injiniyanci ya mai da shi mataimakinsa. Ɗayar ita ce Anna Bertha Ludwig, 'yar mai wani gidan cin abinci da ɗalibai ke taruwa, wadda ta girme shi da shekara shida. Sun yi aure a 1872. Ba su haihu ba, daga baya suka ɗauki 'yar ɗan'uwan Bertha, Josephine, suka riƙe.

Tsohuwar matsalar takarda ba ta sake shi nan da nan ba. Da ya bi Kundt zuwa Würzburg, jami'ar ta ƙi ba shi damar zama cikakken malami saboda ba shi da shaidar sakandare. Sai a Strasbourg ya samu wannan dama a 1874. Ya koyar a Hohenheim, ya koma Strasbourg, ya zama farfesa a Giessen a 1879. Jami'ar Würzburg da ta ƙi shi ita ce ta dawo tana nemansa a 1888, daga baya kuma ta zaɓe shi shugabanta.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun san shi da ƙarancin magana da ƙin taro. Da hannunsa yake haɗa yawancin kayan gwajinsa, yana maimaita awo har mataimakansa su gaji. Ɗalibai ba su ɗauke shi malami mai daɗin lacca ba. Hutunsa hawan tsaunuka da farauta da ɗaukar hoto, wannan na ƙarshe kuwa ya yi masa rana. Har ya kai shekara 50 sunansa bai wuce da'irar masana fiziks ba.

Mako bakwai a ɗaki ɗaya

A wancan lokaci masana da yawa suna wasa da wata kwalbar gilashi da ake zuƙe iskar cikinta, a tura mata wutar lantarki mai ƙarfi, a ga wani haske yana gudu daga wannan kai zuwa wancan. An san hasken ba ya nisa idan ya fito iska. A yammacin 8 ga Nuwamban 1895 Röntgen ya lulluɓe tasa kwalbar da baƙin kwali, ya kashe fitila, ya kunna wuta don ya tabbatar babu inda haske ke tsiyaya. Kwalin bai yoyo ba. Amma can gefe, wata takarda da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli ta ɗauki walƙiya. Ya kashe wuta ta mutu, ya kunna ta dawo.

Ba shi ne na farko da abin ya gifta ta gabansa ba. Wasu masana a Ingila da Amurka sun riga sun ga farantan hotonsu suna lalacewa idan an ajiye su kusa da irin wannan kwalba, suka wuce abinsu. Bambancin Röntgen shi ne ya tsaya. Ya rufe ƙofa, ya sa aka kai masa abinci har da gado cikin ɗakin gwaji, ya yi kusan mako bakwai bai faɗa wa kowa abin da yake ciki ba, har matarsa ta shiga damuwa.

Ya sa littafi mai shafi kusan dubu tsakanin kwalbar da takardar, ƙyallin bai ɗauke ba. Ya sa kartar wasa, ya sa katako, ya sa farantin alminiyam, abin yana ratsawa, sai dai ƙarfinsa na raguwa gwargwadon kauri da nauyin abin da aka sa. Dalma ce ta tare shi. Yana cikin riƙe abubuwan nan ne ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa a kan takardar. Da yake bai san ko mene ne wannan haske ba, sai ya sa masa X, harafin da masu lissafi ke bai wa abin da ba a sani ba. Sunan da ya bi shi ke nan har yau a bakin masu cewa eksire, yayin da a Nijar aka fi cewa radiyo.

Ranar 22 ga Disamba ya kira Bertha ya ɗora hannunta a kan farantin hoto. Abin da ya fito shi ne ƙasusuwan yatsunta da zoben da ke ɗaya daga ciki, naman kuma ya zama wata inuwa mai hazo-hazo. Ranar 28 ga Disamba ya miƙa rahotonsa ga ƙungiyar masana fiziks da likitanci ta Würzburg, ranar 1 ga Janairun 1896 ya aika kwafe da hotuna ga abokan aikinsa a Turai. Ranar 5 ga wata jaridar Die Presse ta birnin Biyana ta buga labarin a shafin farko, cikin 'yan kwanaki waya ta kai shi Landan da New York.

Abin da ya ƙi karɓa

Da wuya a sami wani binciken kimiyya da ya shiga asibiti da sauri irin wannan. Cikin makonni likitoci sun fara neman allura da harsashi da karaya da shi. A 1896 kaɗai an wallafa rubuce-rubuce fiye da dubu a kansa. Yaƙe-yaƙen Turawa a Afirka na cikin wuraren da aka fara gwada shi: sojojin Italiya da suka ji rauni a yaƙin Adwa na Habasha a 1896 an ɗauki hotonsu a asibitin soja na Napoli, sojojin Birtaniya kuma sun tafi da na'urar Sudan a yaƙin Omdurman na 1898.

Ranar 23 ga Janairun 1896 ya yi lacca a Würzburg, ya ɗauki hoton hannun dattijon masanin sassan jiki Albert von Kölliker a gaban jama'a, dattijon ya ba da shawarar a riƙa kiran hasken da sunan Röntgen. Jamusawa da wasu ƙasashe da haka suke kiransa har gobe.

Kamfanonin lantarki suka zo da tayin ya yi wa abin rajistar mallaka a raba riba. Ya ƙi, bisa ra'ayinsa cewa abin da malamin jami'a ya gano na kowa ne. Wannan ƙin shi ne ya sa duk mai kwalba da wutar lantarki ya iya haɗa tasa na'urar ba tare da biyan kowa ba, kuma yana cikin dalilan da suka sa abin ya bazu kamar wutar daji. Masarautar Bavariya ta ba shi lambar da ke tafe da muƙamin shiga sahun masu sarauta, ya ƙi ƙara wa sunansa komai. A 1901 ya zama mutum na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta fiziks. Ya je Stockholm ya karɓa, ya dawo bai yi laccar da ake sa rai ba, kuɗin kuma ya bar wa Jami'ar Würzburg. Rahoto uku kacal ya rubuta a kan hasken, na ƙarshe a 1897, ya koma binciken duwatsu masu ƙyalli da ya fi so. A 1900 ya koma Jami'ar Munich.

Ɗaukaka ba ta zo masa ita kaɗai ba. Philipp Lenard, wanda ya yi aiki a kan irin wannan kwalba kafin shi, ya rayu yana ganin an ƙwace masa abinsa, yana kuma yaɗa hakan. Hasken kansa ya nuna yana da dafi: Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya rasa hannuwansa biyu, ya mutu a 1904 da ciwon dajin da hasken ya jawo masa, likitoci da ma'aikata da dama kuma sun bi bayansa kafin a koyi kare jiki da dalma.

A cikin Janairun 1896 ɗin Sarki Wilhelm na Biyu ya gayyace shi Berlin don ya gani da idonsa. Wannan sarki ɗan Friedrich ne, wanda ciwon maƙogwaro ya kashe shekara takwas kafin nan. Mutum zai so ya ce da hasken ya zo da wuri da an ceci uban. Gaskiyar ita ce da bai cece shi ba.

Abin da hasken ya kasa gani

Hoton eksire inuwa ne. Ƙashi yana tare hasken sai ya fito fari, iska tana barinsa ya wuce sai ta fito baƙa. Amma tsoka da jijiyar jini da kaluluwa duk kusan nauyinsu ɗaya, kuma a wuya suna kwance ne kan juna, sai su haɗu su zama toka-toka guda. Hazon nan da ya kewaye ƙasusuwan Bertha a hoton farko, a cikinsa kaluluwa take ɓuya. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wuya an ƙara shekara fiye da saba'in ji da yatsa ne ke mulki.

Da yake ba a iya gani, sai likitocin tiyata suka zaɓi kwashe komai. A 1906 George Crile na birnin Cleveland a Amurka ya wallafa bayanin aiki 132 da ya yi, inda ya tsara yadda ake cire kaluluwar gefen wuya gaba ɗaya tare da tsoka da babbar jijiyar jini. Aikin ya ceci rayuka, amma yakan bar mutum da ramin wuya, sau da yawa da kafaɗar da ba ta ɗaguwa sosai. A 1932 Bafaranshe Henri Rouvière ya fitar da littafin da ya zana taswirar kaluluwar jiki, wadda a kanta aka gina rabon wuya zuwa shiyyoyin da likitoci ke lissafawa a yau.

Wanda ya warware matsalar inuwa wani injiniyan kamfanin EMI ne na Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ma bai yi digirin jami'a ba. Dabararsa ita ce a juya hasken Röntgen kewaye da jiki, a auna abin da ya ratsa ta kowace kusurwa, kwamfuta ta haɗa lissafin ta fitar da hoto yanka-yanka. Manomin albasa na yankin Madawa da Galmi zai gane wannan da sauri: daga waje albasa na iya zama lafiya lau, sai an yanka ta zobe-zobe ake ganin inda ruɓa ta shiga. An ɗauki hoton marar lafiya na farko da na'urar ranar 1 ga Oktoban 1971 a asibitin Atkinson Morley da ke Landan. A 1979 Hounsfield ya raba kyautar Nobel da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, wanda ya yi lissafin tun kafin nan. Ita ce na'urar da ake kira CT a Najeriya, sikana a Nijar.

A hoton CT, bayan an yi wa mutum allurar ruwan da ke haska jijiyoyi, likita na duba abubuwa kaɗan. Kaluluwa mai lafiya doguwa ce kamar wake, wadda daji ya shiga takan zama kewayayya. Idan kaurinta ya wuce kusan santimita ɗaya ana sa mata ido. Idan tsakiyarta ta mutu ta yi duhu, ko gefenta ya dushe ya manne da abin da ke kusa, zargi ya yi ƙarfi. Sai dai a nan akwai tarko ga likitan da ke aiki a ƙasar Hausa: tarin fuka ma yana kashe tsakiyar kaluluwa, hoton nasu kan yi kama ƙwarai.

Sauran hanyoyin ba da hasken Röntgen suke aiki ba, amma ƙofar da ya buɗe suka bi. Na'urar da mata masu ciki suka sani da sikanin, ko eko a Nijar, sauti take turawa ta saurari amsa-kuwwa. Ita ce mafi araha, ba ta da dafi, kuma da yake kaluluwar wuya na kusa da fata tana nuna ta sosai, har da yadda jini ke shiga cikinta. Babban amfaninta shi ne likita na iya kallon allo ya soka siririyar allura daidai cikin ƙwayar da yake zargi, ya zuƙo abin da za a duba a madubin ƙara girma. Rauninta biyu ne: ba ta kai wa ga kaluluwar da ke can bayan maƙogwaro, kuma ingancinta ya dogara ga gwanintar hannun da ke riƙe da ita. Wannan lungu na bayan maƙogwaro na'urar maganaɗisu ta MRI ce ta fi iya leƙa shi, shi ya sa ake son ta a dajin bayan hanci da na harshe.

Ta ƙarshe, PET, ba siffa take kallo ba, ci take kallo. Tun shekarun 1920 Bajamushe Otto Warburg ya lura ƙwayoyin daji suna shan sukari fiye da kima. Sai ake yi wa mutum allurar wani sukari mai alamar nukiliya, inda ya taru ya haska. An fara haɗa ta da CT a na'ura ɗaya a Pittsburgh a 1998. Matsalarta ga ƙasashen Afirka ta Yamma ba tsadar na'urar kaɗai ba ce: sinadarin yana rasa rabin ƙarfinsa cikin minti 110, dole a sarrafa shi kusa da inda za a yi amfani da shi.

Duk da wannan tarin na'urori, babu wadda take ganin daji idan 'yan ƙwayoyi ne ƙanana da ba su kai 'yan milimita ba. A dajin baki, cikin mutum goma da ba a ji komai a wuyansu ba, akan samu biyu zuwa uku da ciwon ya riga ya sauka a ɓoye. Wani babban bincike na asibitin Tata Memorial da ke Mumbai a Indiya, da aka wallafa a 2015, ya nuna waɗanda aka cire wa kaluluwar wuya tun a aikin farko sun fi waɗanda aka tsaya jira tsawon rai. Hoto yana nuna inda za a duba, amma allura da madubin ɗakin gwaji ne ke yanke hukunci. Iyalin da suka sayar da akuya suka biya kuɗin sikana, aka kuma ce musu sai an ɗebi nama, ba damfararsu aka yi ba.

Daga Arlit zuwa Yamai

Akwai wani zare da ya ɗaure Nijar da wannan labari. Rahoton Röntgen ne ya sa Bafaranshe Henri Becquerel ya ɗauko gishirin yuraniyam a farkon 1896 yana neman irin wannan haske, sai ya gano ƙarfen yana fitar da nasa da kansa. Daga nan ilimin nukiliya ya faro, da shi da gashin ciwon daji da na'urar PET. A 1971, shekarar da aka ɗauki hoton CT na farko, aka fara haƙo yuraniyam a Arlit. Sai bayan shekara 50, a 2021, aka buɗe sashen gashin ciwon daji na farko a ƙasar, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya.

Marar lafiyan da ya taso daga Galma yakan fara ne da asibitin gundumar Madawa ko asibitin mishan na Galmi, daga nan a tura shi Tawa ko Maraɗi ko Yamai. Wasu kan tsallaka iyaka zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Shika a Zariya, ko na Aminu Kano. Kowane zango kuɗi ne da kwanaki, ciwon kuma ba ya jira. Shi ya sa likitocin kunne da hanci da maƙogwaro suke nanata cewa ƙullutun wuya da ya wuce mako uku bai sauka ba, musamman mai tauri marar zafi, ko wanda ya zo da dushewar murya, ko gyambon baki da ya ƙi warkewa, ko wahalar haɗiya, asibiti ya kamata ya fara zuwa kafin a kai shi wurin sakiya ko tsaga.

Ƙarshen rayuwa

Röntgen bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan na'urori ba. Shekarunsa na ƙarshe ba su yi daɗi ba. A 1914 ya sa hannu tare da manyan malaman Jamus 92 a takardar da ke kare matakin ƙasarsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, abin da daga baya ya nuna nadama a kai. A fagen yaƙin kuwa ɓangarorin biyu da haskensa suke neman harsashi a jikin sojoji, Marie Curie ma motoci ta haɗa masu ɗauke da na'urar tana bin asibitocin bakin daga na Faransa.

Bertha ta daɗe tana jinya, shi yake kula da ita, ta rasu a ƙarshen Oktoban 1919. Ya yi ritaya a 1920. Hauhawar farashin da ta biyo bayan yaƙi ta cinye ajiyarsa, ta cinye darajar kuɗin Nobel ɗin da ya bar wa jami'a. Mutumin da da ya yi rajistar mallaka da ya shiga sahun attajiran Turai ya ƙare yana lissafin abin da zai kashe.

Ya rasu a Munich ranar 10 ga Fabrairun 1923 yana da shekara 77, da ciwon dajin hanji, ciwon da ke cikin nama mai laushi irin wanda haskensa na lokacin ba ya nunawa kai tsaye. An binne tokarsa a Giessen kusa da matarsa da iyayensa. A wasiyyarsa ya umarci a ƙona takardun bincikensa da wasiƙunsa, aka kuma ƙona mafi yawansu, shi ya sa cikakken bayanin abin da ya faru a makonni bakwai ɗin nan ya tafi tare da shi. A 2004 aka sa wa sinadari na 111 a jadawalin sinadarai sunansa. Ɗakin gwajin na Würzburg yana nan, an mai da shi wurin ziyara, a kan titin da yanzu ake kira Röntgenring.